Aiki daga gida: wane tsari ne zai hana ka galabaita?

Ma'aikacin ofis yana da abin da ke rufe masa rana. Masinja ya kashe fitilu, maigadi ya ja ƙofa, shi kuma ya hau adaidaita ko ya shiga motarsa, kafin ya isa gida aikin ya ɗan sake shi. Mai aiki daga gida ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Laftof na kan teburin falo, saƙon oga na shigowa ta WhatsApp ɗin da dangi suke gaishe shi, sai ka ga mutum ƙarfe 11 na dare yana amsa imel yana cewa ai minti biyu ne. Daga nan yawancin galabaitar masu aiki daga gida take farawa. Shi ya sa duk tsarin da za a auna a nan, tambayar farko da za a yi masa ita ce: wa ke rufe ranar, kuma ƙarfe nawa?

Tsare-tsare huɗu mutane suka fi bi. Akwai mai bin agogon ofis a cikin gidansa, akwai mai raba rana gida biyu, akwai mai biyan kuɗin tebur a wurin aiki na haɗaka, akwai kuma mai gauraya gida da ofis a cikin mako. Kowanne yana toshe wata kafa ya buɗe wata.

Abin da ake gudu

A watan Mayun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace wannan hali na galabaitar aiki a kundinta na rarrabe cututtuka, bugu na 11. Ba ta lissafa shi cikin cututtuka ba. Ta ce abu ne da ke tasowa daga matsin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba, kuma ta ba shi alamomi uku: ƙarewar kuzari, sai fitar aikin daga rai har mutum ya riƙa jin haushinsa da na masu shi, sai kuma raguwar ƙwazo, wato abin da a da ake gamawa cikin awa ɗaya ya koma cin wuni. Alama ta biyu ce mutane suka fi rainawa. Malamar da ke koyarwa ta intanet ta fara jin gabanta na faɗuwa idan sunan ɗalibi ya fito a waya, ko mai zanen da ya daina damuwa ko aikin ya yi kyau ko bai yi ba, in dai an tura.

Hanya mai sauƙi ta bambance shi da gajiya ta yau da kullum ita ce hutun ƙarshen mako. Gajiyar da barcin Asabar da Lahadi ke wankewa ba ita ake nufi ba. Wadda mutum ke tashi da ita ranar Litinin kamar bai huta ba, mako bayan mako, ita ce abin lura.

Akwai kuma lissafin awoyi, wanda ba ruwansa da tsarin da ka zaɓa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoto cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako yana da ƙarin haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, da ƙarin haɗarin mutuwa daga ciwon zuciya da kashi 17, idan aka kwatanta shi da mai awa 35 zuwa 40. Awa 55 ba wuya a kai ta daga gida: awa 9 sau kwana 6 ya riga ya ba da 54.

Na farko: agogon ofis a cikin gida

Wannan shi ne a buɗe ƙarfe 8 a rufe ƙarfe 4, ko 9 zuwa 5, da hutun sallah da abinci a tsakiya, kamar dai ana ofis. Amfaninsa a fili yake. Abokan aiki sun san lokacin da za su same ka, yamma da dare naka ne, kuma jiki yana saba wa lokaci ɗaya na barci da tashi. Ga mai albashi da ke aiki da tawaga, wannan ne tsarin da ya fi sauƙin karewa idan oga ya fara kiran dare, domin akwai lokaci a rubuce da za a nuna masa.

Inda yake lalacewa shi ne a cikin gidan. A yawancin gidajenmu, wanda ke zaune a gida ana ɗaukarsa ba shi da abin yi. Shi za a aika kasuwa, shi zai ɗauko yara daga makaranta, shi zai tari baƙo ya zauna da shi har a gama gaisuwa. Mace kuwa abin ya fi tsanani a kanta, domin girkin rana da wanki da rigimar yara ba sa duba kalanda. Sakamakon shi ne awa takwas ɗin su koma gutsattsari, sai a biya bashin da dare. A takarda mutum yana tashi ƙarfe 4, a zahiri ƙarfe 10.

Gyaransa magana ce da za a yi da baki tun farko, ba a jira sai an yi fushi ba. A ware lokacin aike guda ɗaya a rana, a sanar da kowa. Ga mahaifiya, misali: "Hajiya, daga ƙarfe 8 zuwa azahar ina bakin aiki kamar ina ofis. Duk abin da ake buƙata a tara mini, bayan sallah zan fita gaba ɗaya." Wannan ya fi a ce mata ba hali, kuma ya fi a riƙa tashi sau biyar ana gunaguni. Ƙofa a rufe tana taimakawa, in babu ɗaki na daban to kusurwa ɗaya da ba a yin komai a cikinta sai aiki. Kada ta zama gado. Mai aiki a kan gado yana koya wa ƙwaƙwalwarsa cewa gado wurin tunani ne, daga baya barci ya ƙi zuwa.

Matsala ta biyu ita ce zafi da wuta. Daga Maris zuwa Mayu, a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafin rana kan wuce digiri 40, kuma mafi muninsa yana faɗowa ne daidai rabi na biyu na wannan tsari. Ga lissafin abin da ake buƙata idan an ɗauke wuta: laftof kusan wat 60, na'urar intanet wat 10, fanka wat 60, jimilla wat 130. Sau awa 8 ya haura wat-awa 1,000. Batirin inbata mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗaukar wat-awa 2,400, amma in na ruwa ne rabi kawai ya kamata a riƙa sha don kada ya mutu da wuri, ga kuma abin da inbatar kanta ke ci. Wato batir ɗaya da ƙyar yake kai mutum ƙarfe 4, kuma sai in ya cika cikin dare. Wanda bai yi wannan lissafi ba zai riƙa aiki ido ɗaya a kan allo ɗaya a kan alamar caji, kuma wannan fargaba ita ma gajiya ce.

Na biyu: raba rana gida biyu

Wannan tsari ya fi kowanne dacewa da yanayinmu, kuma ya fi kowanne yaudara. Siffarsa mai kyau ita ce a zauna bayan sallar asuba da karin kumallo, misalin ƙarfe 6 da rabi, a yi aiki mai nauyi har 11 da rabi. Awa biyar kenan cikin sanyi, gida shiru, batir cike, waya ba ta fara ruri ba. Daga nan a rufe. A ci abinci, a yi azahar, a yi ƙailula, a yi aiken gida. Bayan la'asar a koma awa biyu, a yi ƙananan abubuwa: amsa saƙonni, taro, shirya aikin gobe. Kiran magariba ya rufe ranar. Awa bakwai ne, kuma sau da yawa abin da ake gamawa a cikinsu ya fi na awa takwas a tsarin farko, domin awoyi mafi kyau sun tafi ga aiki mafi wuya.

Ƙailular tana da ƙa'ida. Minti 20 zuwa 30 ya isa a tashi garau. Wanda ya wuce zuwa awa ɗaya yakan farka daga tsakiyar barci mai nauyi, kai ya yi jingim, ya ɓata rabin awa kafin ya dawo hayyacinsa. In kuwa barcin dare ya yi ƙaranci sosai, gara a cika awa ɗaya da rabi. Barcin bayan la'asar yana cinye na dare, ba a so.

Yanzu ga yaudarar. Tsarin nan yana buɗe rana da wuri, amma ba shi da ƙofar rufewa ta kansa. Hutun tsakiya yakan cika da zirga-zirga cikin rana: banki, makarantar yara, gaisuwar mara lafiya, gareji. Mutum ya dawo a gajiye, zaman yamma ya ja zuwa bayan isha'i, daga nan zuwa 11. Ga shi gobe asuba na jiransa. Wanda ya kwanta 11 da rabi ya tashi 5 ya samu awa biyar da rabi, alhali babba na buƙatar aƙalla bakwai. A yi haka mako uku, zaman safen da ake taƙama da shi ya koma hamma da kallon allo. Abin da ya fi wannan muni, tunanin aiki yana tare da mutum daga asuba har dare, awa goma sha bakwai, domin ko a cikin hutun ya san akwai saura. Masu nazarin halayyar ma'aikata, irin su Sabine Sonnentag ta Jamus, sun daɗe suna nuna cewa hutun da ke maido da kuzari shi ne wanda zuciya ta saki aikin a cikinsa. Zama kan kujera ana juya wa'adin gobe a rai ba ya cikin lissafi.

Don haka wanda zai ɗauki wannan tsari ya ɗauke shi da sharuɗɗa biyu ko ya bar shi. Zaman yamma ba ya haye magariba, ko me ya rage. Kuma lokacin kwanciya a lissafa shi daga asuba a koma baya: in tashi ƙarfe 5 ne, fitila ta mutu ƙarfe 10. Shayi mai kauri, kofi, goro da lemukan ƙara kuzari a tsayar da su tun azahar, domin rabin sinadarin da ke cikinsu yana nan a jini bayan kusan awa biyar. Goron da aka tauna bayan la'asar yana aiki har lokacin kwanciya.

Ya dace da marubuci, mai fassara, mai haɗa manhaja, akanta, da duk wanda aikinsa ba ya buƙatar a same shi a kowane lokaci. Ya dace da uwa mai yara ƙanana idan akwai wanda zai riƙe su da safe. Bai dace da mai amsa kiran kwastomomi ba.

Na uku: tebur a wurin aiki na haɗaka

A Abuja, Kaduna, Kano da Jos akwai wuraren da ake biya ta rana, ta mako ko ta wata, a samu tebur da wuta da intanet da sanyi. Abin da ake saya a gaskiya abu uku ne: wuta da ba sai ka yi tunaninta ba, fita daga gida, da ganin mutane. Na ukun ba ƙarami ba ne. Wani gwaji da Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford ya jagoranta a kamfanin Ctrip na China, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna masu amsa waya da aka mayar gida sun ƙara ƙwazo da kashi 13 cikin 100. Duk da haka da aka ba su zaɓi bayan gwajin, kusan rabinsu suka koma ofis, kuma kaɗaici na cikin manyan dalilan da suka bayar. Saurayi ko budurwa da ke zaune su kaɗai a wani gari, ko wanda gidansa cike yake da mutane amma ba wanda ya san me yake yi a kwamfutar, wannan tsari zai fi yi masa magani fiye da duk wata dabarar agogo.

Batun kuɗi a yi shi da alƙalami. A gefe ɗaya kuɗin tebur da na mota zuwa da dawowa da abincin waje. A ɗaya gefen man janareta, wanda ƙarami kan sha daga rabin lita zuwa lita guda a awa gwargwadon abin da aka ɗora masa, da kuɗin data, da gyara. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ɓangarorin biyu duka sun yi tsada, saboda haka nisa ne ke yanke hukunci. Wuri mai tafiyar minti 15 riba ne. Mai tafiyar awa ɗaya cikin cunkoso ya dawo maka da abin da ka gudo daga ofis dominsa.

Kafin a biya kuɗin wata, a biya na rana biyu a gwada. A duba ƙarfin intanet da misalin ƙarfe 2 na rana lokacin da wurin ya cika, a ga minti nawa ake ɗauka kafin a tada inji idan an ɗauke wuta, a tambayi inda ake sallah da inda ake amsa kira ba tare da damun mutane ba. Wurin da ya zama majalisar hira ba zai bar ka ka yi aiki ba, sai ka dawo gida ka buɗe laftof da dare, ka biya kuɗi kuma ka ƙara awoyi. Yawancinsu kuma suna rufewa da yamma, abin da ke zama alheri ga mai neman ƙofar rufewa, cikas kuma ga mai aiki da Amurka.

Na huɗu: gauraya gida da ofis

Wannan ne ke da hujja mafi ƙarfi a bayansa. A 2024 mujallar Nature ta wallafa wani gwajin na Bloom da abokan aikinsa a kan ma'aikata 1,612 na kamfanin Trip.com. An bar wasu su yi aiki daga gida kwana biyu a mako, Laraba da Juma'a. Yawan masu ajiye aiki a cikinsu ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a ga raguwa a ƙwazonsu ba. Waɗanda suka fi amfana su ne mata da masu doguwar tafiya zuwa ofis. A nan gida ma ba baƙon abu ba ne: a Disambar 2021 gwamnatin Kaduna ta mayar da zuwa ofis kwana huɗu, Juma'a a yi aiki daga gida, kuma jihohin Kwara da Edo sun sanar da rage ranakun zuwa ofis bayan cire tallafin mai.

Abu biyu ke ɓata shi. Ranaku marasa tabbas, inda sai daren Lahadi ake sanin wace rana za a zo, suna hana mutum tsara renon yara da komai nasa. Sai kuma ranar gida ta cika da taron bidiyo, ranar ofis kuma a zauna da abin kunne ana aikin da za a iya yi a gida. Daidai shi ne akasin haka: taro da tattaunawa a ofis, aikin natsuwa a gida. Wanda ba shi da ofis zai iya haɗa nasa gaurayen da kansa, kwana biyu a wurin haɗaka, uku a gida.

In masu ba ka aiki suna wata nahiya

Nan duk lissafin da ke sama yake canzawa. Mai aiki da Landan ba shi da matsala, domin daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonsu ɗaya da na Najeriya da Nijar, sauran watanni kuma awa ɗaya suke baya. Dubai tana gaba da awa uku, sai a gama da wuri. Amurka ce ke cin mutane. Ƙarfe 9 na safe a New York ƙarfe 2 na rana ne a Kano daga Maris zuwa farkon Nuwamba, ƙarfe 3 a sauran watanni, tashinsu na ƙarfe 5 kuma ya faɗo 10 ko 11 na dare. Kalifoniya ta fi muni: suna buɗewa 5 ko 6 na yamma a agogonmu, su tashi 1 ko 2 na dare. Mutumin Accra ko Kumasi ya rage awa ɗaya daga waɗannan, na Khartoum ya ƙara ɗaya.

Wanda ya bi agogon Kalifoniya gaba ɗaya, ya kwanta 2 da rabi, ya tashi asuba, gari ya waye da hayaniyar gida da zafi, ba zai daɗe ba. Abin da ya kamata a nema tun lokacin ƙulla yarjejeniya shi ne awa uku ko huɗu na haɗuwa, sauran aikin a yi shi a lokacin da ya dace da mai yin sa a bar rahoto a rubuce. Kamfanoni da yawa da ke ɗaukar ma'aikata daga nesa sun saba da wannan, amma ba za su miƙa maka ba sai ka tambaya. In dole ne a kai dare, to safiya ta zama ta barci, a koma bayan asuba har 9 ko 10, labule mai kauri, waya a kashe, kuma a faɗa wa mutanen gida. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ga safiyarsa a sake ya cusa mata wani aikin na biyu. Ba a tauna taura biyu. Masu karɓar kwangila a shafukan intanet irin su Upwork da Fiverr su suka fi faɗawa wannan, domin ba oga ɗaya da zai ga nauyin ya yi yawa, kuma tsoron ƙarancin aiki wata mai zuwa yana sa a karɓi duk abin da ya zo. A sa iyaka da lamba: awa nawa a mako, kwastoma nawa a lokaci ɗaya. Idan an cika, sabon mai zuwa a ba shi ranar da za a fara nasa, ko a ƙara farashi.

Cikin ranar kanta

Dabarar Pomodoro, wadda Francesco Cirillo ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980, minti 25 ne na aiki da 5 na hutu, bayan zagaye huɗu a yi dogon hutu. Tana da kyau ga aiki mai gundura, kamar shigar da bayanai ko duba takardu, da kuma ranar da aka kasa farawa. Ga rubutu ko haɗa manhaja tana katse mutum daidai lokacin da ya nutsa. Nan gara zaman awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, sannan hutun minti 15. Kowanne aka ɗauka, hutun da aka yi a Facebook ko TikTok ido da ƙwaƙwalwa ba su san an yi shi ba. A miƙe, a sha ruwa, a fita tsakar gida. Don ido, duk minti 20 a dubi abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. Taron bidiyo a sa shi minti 25 ko 50 don a samu tazara, kuma a kashe kyamara inda ba dole ba, data ma ta huta.

Rufe ranar yana buƙatar minti goma na kansa: a rubuta abubuwa uku na gobe a takarda, a rufe shafuka, a kashe laftof a sa ta cikin jaka. Layin waya na biyu don aiki kaɗai, a wayar da za a iya kashewa, ya fi duk wani alƙawarin "ba zan duba ba". Sannan a fita, ko tafiyar minti 20 ce zuwa masallaci mai ɗan nisa ko kanti, ta tsaya a madadin hanyar dawowa daga ofis. Faransa tun Janairun 2017 ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tattauna ƙa'idar saƙonnin bayan tashi. Dokar ƙwadago ta Najeriya kuwa ta bar lokutan aiki ga yarjejeniya, saboda haka abin da ba ka sa a takardar ɗaukar aiki ba, ba wanda zai ƙwato maka.

Wanne za a ɗauka

Ya danganta da inda kuzarin ke zuba. Wanda aike da baƙi ke yanka masa rana, ko kaɗaici ke damunsa, ya fita daga gida, ko da kwana biyu a mako. Wanda zafi da rashin wuta ke kashe masa yamma ya raba rana, in har zai iya tsayawa da magariba. Wanda ya san kansa ba ya iya tsayawa kada ya kusanci tsari na biyu, agogon ofis ko wurin da ake kulle ƙofa ya fi masa. In kamfani ya ba da zaɓi kuma ofis ba nisa, gauraye da ranaku tsayayyu shi ne mafi aminci ga yawancin mutane.

A gwada tsari ɗaya mako huɗu kafin a yanke masa hukunci, ana rubuta lambobi uku kowace rana: awoyin aiki, lokacin rufewa, awoyin barci. In bayan wata guda awoyin mako suna haura 50 duk da an bi tsarin, to ba a tsarin matsalar take ba. Christina Maslach da Michael Leiter, waɗanda suka daɗe suna nazarin wannan hali, sun lissafa tushe shida: yawan aiki, rashin iko a kan yadda ake yin sa, ƙarancin lada, rashin abokan aiki na kirki, rashin adalci, da saɓanin abin da mutum ya yarda da shi da abin da ake sa shi. Ba wanda agogo ke gyarawa a cikinsu. Nan sai a ɗauki takardar lambobin a je wa oga da ita: "Yallaɓai, ayyuka biyar ne a hannuna, makon jiya na yi awa 58. Wanne zan sa a gaba, wanne zai jira?" Tambayar da ta ba shi zaɓi ta fi samun amsa a kan ƙorafin cewa an gaji.

In kuma an rage aiki, barci ya daidaita, amma kasalar ba ta tafi ba, a je asibiti a duba jini, domin ƙarancin jini, ciwon suga da matsalar maƙoƙo duk suna kawo irin wannan mutuwar jiki. Idan abin ya wuce aiki ya shafi komai, mutum ya daina jin daɗin abinci da hira da iyali fiye da mako biyu, ko tunanin cutar da kansa ya fara zuwa masa, wannan na likitan ƙwaƙwalwa ne, kuma ba a jira. Akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Barnawa da ke Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da sashen.